Bayan Bikin Keɓewa, Wa Zai Kwashe Toka?

Ikilisiyoyinmu na Arewa sun ƙware a bikin keɓewa. Ana keɓe sabuwar majami'a, a keɓe gidan Fasto, a keɓe motar Zumuntar Mata, a keɓe ganguna da lasifika. A buga katin gayyata, a ɗinka anko, a kafa rumfuna, Baba Rabaran ya taso daga hedikwata ya ɗora hannu, mata su rangaɗa guɗa. Murnar tana kan hanya. Duk wanda ya san yadda jama'ar ƙauye ke tara kuɗin gyaɗa da na masara shekara da shekaru kafin su ɗora kwano a kan gininsu, ba zai ce su rage kiɗa ba. Abin da ke damunmu yana farawa ne ranar Litinin, bayan an naɗe rumfuna an mayar da kujerun haya. Wata 6 bayan nan sai ka tarar motar da aka keɓe ta zama ta kai amaryar duk wani mai faɗa a ji, lasifika ɗaya ya tafi gidan suna bai dawo ba, kofunan Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da mutuwar Almasihu, suna cikin kwali a ƙarƙashin teburin ofis ƙura ta rufe su, mai gadi kuma yana bin ikilisiya albashin wata 3.

Tushen matsalar, a ganinmu, yana cikin yadda muka fahimci kalmar. Da yawanmu sun ɗauki keɓewa kamar wani ƙarfi ne da ake ɗura wa abu, ya tsare shi daga haɗari da ɓarawo da mugun ido. Littafi Mai Tsarki ya nuna wani abu dabam. Abin da aka keɓe ya canja mai shi. Ya bar hannunka ya zama na Allah, kai kuma ka koma mai riƙon amana. Duk inda akwai amana kuwa, sai an sami ƙa'idar amfani, da lissafi, da mutumin da za a tambaya in abu ya ɓata. Ikilisiyar da ta yi addu'ar keɓewa ba ta tsara waɗannan ukun ba, rabin aikin ta yi.

Harshenmu ma ya so ya taimake mu a nan, gama abin da aka keɓe wa Allah shi ake kira mai tsarki. Bahaushe in ya ji kalmar tsarki, buta da ruwa yake tunawa, da tufa mai tsarki da marar tsarki. Maƙwabtanmu Musulmi sun riƙe kalmar da wannan nauyi, abu ne da ake yi da hannu sau da yawa a yini. Mu ne muka bar ta ta koma kalmar waƙa da wa'azi kaɗai.

A buɗe Fitowa sura 29 da Littafin Firistoci sura 8, inda aka tsara keɓewar Haruna da 'ya'yansa. Kayan da ake bukata: ɗan bijimi 1, raguna 2 marasa aibi, da kwando ɗauke da gurasa iri 3 marar yisti, ta lallausan garin alkama. Da farko a yi musu wanka a ƙofar alfarwa ta sujada. Sannan a sa musu tufafin aiki, a zuba wa Haruna mai a ka. Bijimin hadaya ce domin zunubi, gama wanda za a naɗa shi ma mai zunubi ne. Rago na farko a ƙone shi ɗungum. Rago na biyu shi ne na keɓewa, kuma jininsa a wurare 3 ake shafa shi: kunnen dama, babban yatsan hannun dama, da babban yatsan ƙafar dama. Abin da zai saurara, abin da zai taɓa, da inda zai taka, duk sun shiga cikin alkawarin. Daga nan sai a ɗora musu kitse da cinyar ragon da gurasa a tafin hannu, su kaɗa a gaban Ubangiji, Musa ya karɓe ya ƙone a kan bagade. A Ibrananci, kalmar naɗin firist ma'anarta ke nan, cika hannu. An cika hannun, an kuma karɓe abin da ke ciki nan take.

Kwana 7 suna bakin ƙofar alfarwa ba fita. Amma abin da muke so dattawa su lura da shi, Fitowa sura 29 ba ta ƙare a kan biki ba. Daga aya 38 ta zarce kai tsaye zuwa aikin kullum: 'yan raguna 2 bana ɗaya, ɗaya da safe ɗaya da maraice, kowace rana ta Allah. Firistoci sura 6 ta ƙara wani abu da ba a cika yin wa'azi a kansa ba. Kowace safiya firist yana sa rigarsa ta lilin ya kwashe tokar hadayar dare, ya ajiye ta a gefen bagade, ya tuɓe ya sa wasu tufafi, ya kai tokar bayan zango a wuri mai tsabta, ya dawo ya ƙara itace, domin an hana wutar ta mutu. Firist ɗin da aka keɓe shi ne mai kwasar toka. Ba a samo wani yaro aka ɗora masa ba.

Littafin Ƙidaya sura 4 kuwa, in ka karanta shi da idon ma'aji, rajistar kaya ce. An raba kayan alfarwa ga iyalai 3 na Lawiyawa, kowa da nasa, har turaku da igiyoyi an ce a ambaci sunan kowane kaya a danƙa wa mai ɗaukarsa. Ikilisiya nawa ce a cikinmu ke da littafi mai nuna yawan kujeru, makirfo, ganguna, tukwanen Zumuntar Mata, da takardun fili? Aikin yini ɗaya ne. A rubuta kowane kaya, ranar da ya shigo, wanda ya bayar ko kuɗin da aka saya, a sa masa lamba da fenti, a rubuta sunan mai kula da shi. Wanda zai ara ya sa hannu, ya faɗi ranar mayarwa. Duk lokacin da aka canja Fasto ko dattawa, a ƙirga a gaban mai fita da mai shiga. Rigingimu da yawa da ke tashi bayan canjin wurin aikin Fasto, kan firiji ko katifa ko babur, rashin wannan littafi ne ya haife su.

Batun man shafewa ya fi wannan zafi, kuma dole a faɗe shi a fili. Fitowa sura 30 ta ba da haɗin man keɓewa dalla-dalla, da ma'aunin nauyi na shekel: mur 500, kirfa 250, kara mai ƙanshi 250, kashiya 500, da man zaitun kimanin lita 4. Masu ɗura mai a 'yan kwalabe suna sa masa farashi suna son wannan sura ƙwarai. Sai dai surar da kanta ta hana a haɗa irinsa don amfanin kowa, ta hana a zuba shi a jikin wanda ba firist ba, ta ce wanda ya yi haka a raba shi da jama'arsa. A Sabon Alkawari, Yakubu 5:14 ya faɗi tsarin: marar lafiya ya kira dattawan ikilisiya, su zo, su yi masa addu'a, su shafe shi da mai cikin sunan Ubangiji. Dattawan ne ke tattaki zuwa wurinsa, kuma babu ciniki a ciki. Katolika suna da nasu tsari mai tsauri. Bishop ne ke tsarkake mai iri 3 sau ɗaya a shekara cikin Mako Mai Tsarki, wato makon da ke gaban Ista, a rarraba wa majami'u, kuma ba kayan sayarwa ba ne. Kowace ɗarika da fahimtarta, amma babu wadda ke da hujjar karɓar kuɗin gwauruwa a kan kwalbar mai alhali ɗanta yana bukatar maganin zazzaɓin cizon sauro. Bitrus ya riga ya ba Saminu mai sihiri amsa a Ayyukan Manzanni sura 8, sa'ad da ya miƙo kuɗi yana neman baiwar Allah.

Annabi Haggai, shekara 520 kafin haihuwar Almasihu, ya yi wa firistoci tambayar da ta dace da mu. In mutum ya ƙunso tsattsarkan nama a bakin rigarsa, rigar ta taɓa gurasa ko miya ko mai, sun zama tsarkaka? Suka ce a'a. To, in mai ƙazanta ya taɓa su fa? Suka ce sun ƙazantu. Tsarki ba ya yaɗuwa ta gogayya, sakaci ne ke yaɗuwa. Saboda haka addu'ar keɓe mota ba ta gyara birki. Motar da aka yi wa kujera 18 ba ta ɗaukar mata 25 da tukwane da buhunan shinkafa zuwa taron shekara don an ɗora mata hannu. A gefen kowace taya akwai lambobi 4 a jere: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta sha gargaɗi kan tayar da ta wuce shekara 4. Kafin a kira Baba Rabaran ya keɓe motar, a duba wannan lamba, a duba lasisin direba, a rubuta iyakar mutanen da za ta ɗauka, a kuma amince cewa ba tafiyar dare.

Haka gini. Ranar Asabar 10 ga Disamba, 2016, rufin wata majami'a a Uyo, babban birnin jihar Akwa Ibom, ya rufta kan jama'a ana tsakiyar bikin naɗa shugabanta bishop. Gwamnan jihar na lokacin yana ciki, ya tsira, mutane da dama kuwa ba su fita da rai ba. Ginin bai kammala ba, kuma rahotanni sun nuna an yi ta gaggawar aikin domin a cim ma ranar bikin. Kwamitocin gini su ji wannan da kyau, domin jarabar ɗaya ce a ko'ina: a tsayar da rana, a gayyaci manya, sannan a tilasta wa magina su bi kalandar. Magina na gaskiya sun san buhun siminti mai kilo 50 bai kamata ya wuce bulo 30 zuwa 35 na inci 9 ba. In aka ja shi ya kai 50, bulon yana marmashewa a hannu. Sun san kankare yana son a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma ba a cire katakon da ke tallafe da rufin kankare sai ya yi kamar mako 3. Ginin da zai ɗauki ɗaruruwan mutane yana bukatar injiniya mai rajista, ko da akwai magini a cikin dattawa. Injiniyan ne zai ce an gama, sannan a sa ranar keɓewa.

Mu shigo ciki, wurin teburin Jibin Ubangiji, inda ake ganin tsarkin ikilisiya da ido. A ce masu ci 300 ne. Adadin daga rajistar waɗanda aka yi wa baftisma ake samo shi, a ƙara kaɗan domin baƙi. Farantin kofuna yakan ɗauki 40, don haka faranti 8 ake bukata. Kowane kofi a zuba masa kimanin cokalin shayi 2, kashi biyu cikin uku na cikinsa, domin hannun tsoho yana rawa, cikakken kofi zubewa yake yi. Jimla lita 3 ke nan, a tanadi rabin lita a gefe. A zuba da butar shayi mai siririn baki, da safiyar ranar, a rufe da murfi ko farin ƙyalle. Inda ake amfani da zoɓo saboda ruwan inabi ya yi tsada ko ya yi nisa, a dafa shi da asubar ranar da ruwa mai kyau, a tace da ƙyalle mai laushi, ya huce a rufe. Zoɓo mai sukari da ya kwana babu sanyi, lokacin zafi, ya fara tsami kafin a kai ga wa'azi. Gurasar kuma a yanka ta da safe, da hannun da aka wanke da sabulu, farce a yanke. Da damina tana yin fumfuna cikin kwana 2 ko 3, da hunturu ta bushe ta yi ƙarau, saboda haka ba a sayen ta tun Alhamis.

Wankin kofuna shi ne inda ake yawan faɗuwa. Bokiti ɗaya da tsumma ɗaya ga kofi 300 hanya ce ta raba mura da tari ga jama'a. Daro 3 ake so: na farko ruwan ɗumi da sabulu, na biyu ruwan ɗauraya, na uku ruwa lita 4 da cokalin cin abinci 1 na ruwan kashe ƙwayoyin cuta irin su Jik ko Hypo, marar turare. Kofunan su yi minti 2 a ciki, a kife su a kan faranti mai tsabta su bushe da kansu, kada a goge. A wanke a ranar. Sukarin da ya bushe a gindin kofi yana kiran tururuwa, ya yi baƙi, tsamin abin sha kuma yana cin farantin alminiyam ya bar masa tabo. In kofunan roba ne na amfani sau ɗaya, ba a maimaita su, ba a kuma watsar da su a harabar da yara ke wasa.

Abin da ya rage fa? Katolika, da yake sun gaskata gurasar da ruwan inabin sun zama jiki da jinin Almasihu, ƙa'idarsu a bayyane take: a shanye ragowar a bagade, a adana gurasar a akwatinta da fitila tana ci a gefe, ruwan farko na ɗauraye ƙyallayen kuma a zuba shi cikin ƙasa, ba cikin kwata ba. Ikilisiyoyin da suka ɗauki Jibin a matsayin tunawa, irin su ECWA da Baptist, ba a ɗora musu wannan ba, amma hakan bai sa ragowar ta zama abin shan yara a bayan majami'a ba. Dattawa su yanke abu ɗaya su rubuta: kashi na farko a kai wa tsofaffi da marasa lafiya a gidajensu kafin rana ta faɗi, sauran dattawa su cinye tare cikin natsuwa. Akwai kuma dalilin da ya sa muka nace kan ƙirga. Duk ranar da kofuna suka gaza, waɗanda ke rasawa su ne na bencin baya da masu goyo da ke zaune a waje ƙarƙashin bishiya. Laifin da Bulus ya tsawata wa Korantiyawa a kansa a sura 11 ta wasiƙarsa ta fari shi ne wannan: masu hali sun riga sun ci, marasa shi sun tashi da kunya. Masu rabawa su riƙa farawa daga waje da baya wani lokaci.

Sai baiko, wato abin da jama'a ke bayarwa a lokacin sujada. Kuɗin da aka ɗaga a gaban bagade aka yi masa addu'a keɓaɓɓe ne daidai da ƙoƙon Jibi, kuma shi ne ya fi raba ikilisiyoyi. Ezra firist, kafin ya taso daga bakin kogin Ahawa zuwa Urushalima, ya zaɓi manyan firistoci 12 ya auna musu azurfa talanti 650 da zinariya talanti 100 da kayan haikali, ya ce musu su tsarkaka ne ga Ubangiji, kayan ma tsarkaka ne. Da suka isa Urushalima, a rana ta 4 aka sake aunawa a gaban mutum 4, aka rubuta nauyin duka. Bai ga saɓani tsakanin kiran su tsarkaka da ɗora kayan a kan ma'auni ba. Bulus ma, a 2 Korantiyawa sura 8, ya ƙi ɗaukar gudummawar Urushalima shi kaɗai, ya haɗa Titus da 'yan'uwan da ikilisiyoyi suka zaɓa, domin kada a sami abin zargi.

A aikace ga yadda abin yake. Mutum 2 su ɗauki baikon daga bagade zuwa ɗakin ƙirga. Masu ƙirga kada su gaza 3, kada su fito gida ɗaya, a riƙa juya su wata-wata. A ƙirga nan take, a harabar majami'a. A ware takardun kuɗi iri-iri, a rubuta 'yan 1,000 guda nawa, 'yan 500 guda nawa, har zuwa ƙasa, domin jimla kaɗai tana da sauƙin gyarawa, wannan kuwa da wuya. A rubuta da biro, da lamba da kuma kalmomi, a cikin ɗinkakken littafi mai lambar shafi. In an yi kuskure a ja layi ɗaya a sa hannu a gefe, ba gogewa ba yagewa. Su ukun su sa hannu, magatakarda ya riƙe kwafi, ma'aji ya kai banki ranar Litinin cif-cif, a manna takardar bankin a shafin. Ɓarna takan fara ne da ƙaramar magana: a ɗan ɗebi na man janareta kafin a ƙirga. Daga ranar da aka yarda da wannan, babu wanda zai iya rantsewa a kan abin da ya shigo. Fitar kuɗi kuma sai da hannun mutum 2 cikin 3, kuma kada kowa ya sa hannu a cekin da ba a cike ba don zai yi tafiya. Yanzu da ake tura baiko ta waya, asusun ya zama da sunan ikilisiya, saƙon banki ya riƙa shiga wayar mutum 2. A ƙauyen da banki ya yi nisa, akwati mai kwado 2, mabuɗan a hannun mutum 2. Kowane wata 3 a karanta rahoto a harshen da tsohuwa za ta gane, sau ɗaya a shekara kuma masu bincike su zo daga gunduma. Kuɗin da aka tara don rufi, na rufi ne. Ba a ranta shi don tarbar baƙi.

Za a ce, ashe ba mu yarda da bawan Allah ba ke nan? Wani ma zai kawo 2 Sarakuna sura 12, inda aka ce ba a nemi lissafi daga masu biyan ma'aikata ba saboda amincinsu. A karanta surar daga farko. Har shekara ta 23 ta sarautar Yowash firistoci suna karɓar kuɗin gyara, haikali kuwa yana nan a tsattsage. Sai da aka huda murfin akwati aka ajiye a gefen bagade, magatakardan sarki da babban firist suna ƙirgawa tare, sannan aiki ya tafi. Tsarin nan kariya ce ga Fasto mai gaskiya, domin shi ne wanda tsegumi ke kashewa ba shi da takardar da zai nuna. Sa'ad da aka sa hannu a sabuwar dokar kamfanoni a 2020, ikilisiyoyi da yawa sun yi ƙorafi kan ikon da ta ba hukuma a kan amintattunsu. Ƙorafin yana da dalili, amma bakinmu zai fi ƙarfi in littattafanmu a buɗe suke ga membobinmu tun kafin wani ya tambaya.

Baikon kaka ma haka. Buhunan masara da wake da manoma suka kawo a ƙirga su a ranar, a tabbatar sun bushe, a ɗora su a kan katako nesa da bango. Wake ya shiga buhun PICS mai leda 2 a ciki, a ɗaure kowane ɗaya dabam, ƙwari su mutu don rashin iska ba tare da an zuba guba ba. Abin takaici ne hatsin da aka yi wa waƙar godiya a Nuwamba ya zama gari a Afrilu, ga marayu a unguwa.

Firistoci sura 19 ita ce ta ce ku zama tsarkaka gama ni Ubangiji Allahnku mai tsarki ne. Wanda bai karanta gaba ba zai zaci dokokin sujada ne za su biyo. Abin da ya biyo: kada ka girbe gonarka har gefe, ka bar kala domin matalauci da baƙo. Kada hakkin ɗan ƙodago ya kwana a hannunka. Kada ka zagi kurma, kada ka sa wa makaho abin tuntuɓe. Kada ka yi son kai a shari'a. Ma'auninka da mudunka su zama na gaskiya. Ikilisiyar da ke riƙe albashin mai gadi da mai shara da mai bishara na ƙauye domin ta sa tayil a bagade ta karya wannan sura a cikin gidan Allah. Tun Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 ne. Dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma mun san ikilisiyoyin karkara da yawa ba za su iya ba. Amma wadda ke da kuɗin sabuwar mota ga babban Fasto ba ta da uzuri, kuma ko wadda ba ta da shi tana iya biyan ɗan abin da ta yi alkawari a ranar da ta faɗa.

A nan ne horonmu ya karkata. Yarinyar da ta yi ciki ana sa ta a horo cikin mako guda, a karanta sunanta a gaban jama'a, sau da yawa ma ba a kira namijin ba. Ɗan kasuwar da ya buga gindin mudunsa ya lotsa ciki, mai tumatir da ke jera manya a sama ruɓaɓɓu a ƙasan kwando, malamin makarantar da ke sa hannu a rajista ya wuce gonarsa, ma'aikacin da ba ya motsa fayil sai an ba shi na goro, duk suna cin Jibi ba mai tambaya, wani ma shi ne babban baƙo ranar tara kuɗin gini. A 1 Korantiyawa 5:11 Bulus ya jera mai haɗama da mazambaci a layi ɗaya da mai fasikanci da mashayi. Ba muna cewa a sassauta kan giya da fasikanci ba. Wa'azin barin burukutu ya ceci gidaje masu yawa a ƙasarmu. Muna cewa a karanta ayar gaba ɗaya, kuma ajin baftisma ya koyar da mudu da kwangila da ranar biyan bashi kamar yadda yake koyar da ɗaura ɗankwali.

Wani ɗan'uwa zai ce duk wannan sha'anin ofis ne, ina Ruhu Mai Tsarki, ina alheri? Gaskiya ne, daro 3 da ɗinkakken littafi ba sa ceton kowa. Allah ne ke tsarkakewa, kuma Bulus ya kira Korantiyawa tsarkaka tun kafin ya fara gyara su. Sai dai a tuna Ayyukan Manzanni sura 6. Da gunaguni ya tashi cewa ana tsallake wasu gwauraye wajen rabon abinci, manzanni suka ce a zaɓo mutum 7 masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima, suka yi addu'a suka ɗora musu hannu. Aikin da aka keɓe su dominsa rabon abinci ne. Istifanas yana cikinsu.

Akwai wuri ɗaya da ba a taɓa gayyatar kowa keɓe shi, kuma shi ne ya fi fallasa mu. Maimaitawar Shari'a sura 23 ta umarci Isra'ila su ware wuri a bayan zango domin biyan bukata, kowa ya riƙe abin tona rami ya rufe, dalili kuwa, Ubangiji yana tafiya a tsakiyar zangon, dole zangon ya zama mai tsarki. Majami'u masu ɗaukar mutum 1,000 suna nan da banɗaki ɗaya, ƙofarsa a ɓalle, mata da yara suna zagayawa bayan katanga cikin sujadar awa 3. 'Yan EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, waɗanda aikinsu ya fara a Garkida a 1923, sun riƙe al'adar wankin ƙafa, dattijo ya durƙusa da daro da tawul a gaban ɗan'uwansa, Katolika da Angilikan ma suna yi ranar Alhamis ta Mako Mai Tsarki. Dattijon da ya iya wannan durƙuso, sunansa ya shiga jadawalin wankin banɗaki, kada a bar wa Zumuntar Mata da 'yan Birged, ƙungiyar matasan ikilisiya, kaɗai. Ginin kansa ba shi da wuya: na maza dabam na mata dabam, na matan ya fi yawa, ramin ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya kuma ta ɓangaren gangare, bututun iska ya ɗara rufi tsawo da raga a bakinsa saboda ƙudaje, ƙaramin rami domin yara, ƙofa mai sakata ta ciki, randa ko bokiti mai famfo da sabulu a bakin ƙofa. A sa kuɗin sabulun a cikin kasafin shekara, a buɗe ƙofar kafin ƙararrawar farko ta Lahadi.